Injin lantarki a ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska: Wanne ya fi dacewa?

Jirgin ruwa mai filafilai iska ce ke tura shi, amma duk da haka yana buƙatar inji wajen shiga tasha da fita, da lokacin da iska ta ɗauke a tsakiyar ruwa. An daɗe ana dogara da injin fetur, sai dai yanzu matuƙa da dama a Turai da Amurka na komawa na lantarki, saboda ba hayaƙi, ba ƙara sosai, ba canjin baƙin mai.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A 1881 Gustave Trouvé ya gwada jirgi mai injin lantarki a Kogin Seine na Faransa, kuma tun 1909 jiragen lantarki ke ɗaukar fasinja a Tafkin Königssee na Jamus. Batirin litiyom, wanda ya fi na gargajiya rashin nauyi, shi ya farfaɗo da harkar.

Mafi araha

Akwai ɗan ƙaramin injin da masu kamun kifi ke lallaɓawa da shi, irin na Minn Kota na Amurka da aka fara ƙerawa a 1934. Yana aiki da batir mai bolt 12, ya kuma wadatar a tafki mai kwanciyar ruwa. Idan iska ta taso daga gaba, ƙarfinsa ba ya kai wa ko'ina.

Wanda ake rataya wa a baya

Wannan ya fi karɓuwa. Kamfanin Torqeedo na Jamus, wanda aka kafa a 2005 kuma Yamaha ya saya a 2024, ya ƙera Travel 1103 mai wat 1,100. Shi kuma ePropulsion na China yana da Spirit 1.0 Plus mai wat 1,000. Kamfanonin na kwatanta su da injin fetur mai ƙarfin doki uku. Kowanne bai kai kilo 20 ba, kuma batirin na cirewa ne, ana kai shi gida a yi caji.

Na cikin jirgi

Jiragen da suka ɗan fi girma ana dasa musu injin a ciki ko a ƙarƙashinsu, kamar na Oceanvolt na ƙasar Finland. Ya fi tsada, amma farfelarsa na can cikin ruwa, ba ta fitowa waje idan igiyar ruwa ta ɗaga bayan jirgi. Wasu irinsa ma na cajin batir: yayin da iska ke tura jirgin, ruwa na juya farfela, ita kuma ta samar da wuta.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar ita ce nisa. Batirin Spirit 1.0 Plus na ɗaukar wat-awa 1,276. Idan aka buɗe wa injin wuta gaba ɗaya, cikin awa ɗaya da kwata ya ƙare. Lita ɗaya ta fetur, ko bayan an cire abin da inji ke ɓarnatarwa, tana iya yin aikin da ya fi haka, kuma jarka ba ta da wuyar ɗauka.

Sai dai ruwa na da nasa lissafin: ninka gudu sau biyu na cin wuta kusan ninki takwas. Matuƙin da ya rage zuwa wat 250 zai yi awa biyar yana tafiya, gudunsa ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku, nisan da zai ci kuma ya ninka fiye da sau biyu.

Wannan lissafi na rana mai lafiya ne. Ranar da iska da igiyar ruwa suka haɗu suna tura jirgi zuwa duwatsu, ba zancen ragewa, dole a buɗe wuta, kuma a nan ne batir ke saurin mutuwa. Farantin sola mai wat 100 ba zai cece shi ba, domin sai ya fi awa 12 a rana mai ƙarfi kafin ya cika batirin.

Saboda haka mai yawo a tafki, wanda ke kunna inji na mintuna kaɗan, lantarki ya ishe shi, ko da kuɗin saye ya fi na fetur. Mai fita teku kuwa sai ya auna nisan komawa tasha a mummunan yanayi, ya tanadi batir na biyu, ko ya riƙe injinsa na fetur.