Ko Kun Sani? Jan Dutsen Lantana

Jan dutsen lantana da sarakunan Yarabawa ke ado da shi, a da fataken Hausawa ne ke kai shi Ilori, tun daga yankin kogin Kwara a ƙasar Nijar ta yau. Sana'ar sassaƙa shi ta koma Ilori ne daga tsohon birnin Oyo, bayan rushewarsa a shekarun 1830. A wancan zamani, da siririn ƙarfe da 'yar guduma ake huda kowace ƙwayar dutsen, ana ƙwanƙwasawa sannu a hankali, sannan a goge ta har ta yi sheƙi. Aikin sai mai haƙuri, domin lantana ya fi gilashi tauri. Jan launinsa kuwa, tsatsar ƙarfen da ke cikinsa ce ta jawo.