Romantisizim: Tawayen da Kasuwa Ta Rungume

A 1844, mawaƙin Ingila William Wordsworth ya tashi haiƙan yana yaƙi da shirin shimfiɗa layin dogo zuwa Windermere, a yankin tafkunan da yake zaune. Fargabarsa ita ce cincirindon baƙi ya ɓata wurin. Jirgi ya iso a 1847. Yau miliyoyin masu yawon buɗe ido ke tururuwa can duk shekara, kuma waƙoƙinsa da tsohon gidansa na Grasmere na cikin abubuwan da ke jawo su.

Irin wannan juyin ne ya samu Romantisizim, wato guguwar tunani da fasaha da ta taso a Jamus da Ingila a ƙarshen ƙarni na 18.

Tushenta martani ne. Masana na lokacin sun ɗora komai a kan hankali da lissafi, masaƙu suna kwashe mutanen karkara zuwa birane masu hayaƙi, juyin juya halin Faransa na 1789 kuma ya rikiɗe ya zama zubar da jini. Sai wasu marubuta da masu zane suka juya baya, suka ɗaukaka abin da zuciya ke ji, da daji, da harshen talaka, da tatsuniyar kaka.

Me ya hana ta mutuwa? Na farko, damuwar da ta haife ta tana nan. Littafin Frankenstein na Mary Shelley, wanda ya fito a 1818, labari ne na masanin da halittarsa ta fi ƙarfinsa, kuma har yanzu sunan ne ake ambata idan ana muhawara kan ƙirƙirarriyar basira.

Na biyu, kasuwa ta gano cewa akwai kuɗi a ciki. Masanin zamantakewa Colin Campbell ya yi bayani a littafinsa na 1987 cewa ɗabi'ar mafarki da begen abin da ba a samu ba, wadda Romantisizim ta raya, ita ce ke ingiza mai saye na zamani. Tatsuniyoyin da 'yan'uwan nan Jacob da Wilhelm Grimm suka fara bugawa a 1812 don adana gadon Jamusawa sun zama jarin kamfanin Disney, tun daga fim ɗin Snow White na 1937. Tatsuniyoyin sun iso ƙasar Hausa ma: suna cikin tushen da Abubakar Imam ya sarrafa a Magana Jari Ce a shekarun 1930, ya sa musu rigar gida har mai karatu ba ya jin baƙuncinsu.

Amfanin Romantisizim ba ƙarami ba ne. Ra'ayin Johann Gottfried Herder cewa ruhin kowace al'umma yana cikin harshenta ya zaburar da masu tattara adabin baka. Waƙoƙin Kalevala da Elias Lönnrot ya haɗa a 1835 sun ƙarfafa kishin mutanen Finland kafin samun 'yancinsu a 1917. Ƙaunar daji kuma ta taimaka wajen kafa gandun Yellowstone a Amurka a 1872.

Amma an biya farashi. Don a samar da dajin da ake cewa ɗan Adam bai taɓa ba, an hana 'yan asalin yankin Yellowstone farauta da zama a ƙasar kakanninsu. 'Yan Nazi kuma sun karkatar da zancen ruhin al'umma zuwa aƙidar fifikon jini, suka yi amfani da tatsuniyoyin Grimm a farfagandarsu.

Idan aka auna, Romantisizim ba ta tsayar da injin da ta yi wa bore ba. Abin da ta yi shi ne sauya abin da mutane ke so, kuma masana'antun fim da talla da yawon buɗe ido ne suka fi kowa cin ribar wannan sauyi.