Kwamfutar da Ke Gurnani Bayan Azahar

A wani shago a Kende, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, akwai kwamfutar tebur da ta ɗaure wa mai ita kai tun shigowar bazara. Da safe sai ka kasa kunne kafin ka ji motsinta. Ana sallame Azahar sai ta fara gurnani, kafin La'asar ƙararta ta hana hira, aiki ya yi ta jan ƙafa, wani lokaci ma ta ɗauke ɗif. In aka ƙyale ta zuwa bayan Magariba, sai ta tashi garau kamar ba ita ba.

Mai ita ɗan ƙanwata ne, kuma da hannunsa ya harhaɗa ta. Akwatin da madabod da firosesa duk 'yan Kwatano ne, irin kayan hannun da ke shigo mana ta iyakar Binin, sauran kuma ya yi saƙonsu daga Kano. Da ita yake buga takardu, yana tura wa mutane fina-finai da karatun malamai a waya, amma abin da ya fi kawo masa kuɗi shi ne haɗa bidiyon biki, kuma a kan wannan aikin take yawan mutuwa.

Wuta aka fara zargi, don a yankinmu ita ce ke fara zuwa bakin kowa. Sai dai shagon yana aiki da sola da janareta, kuma ko da wanne aka kunna ta, halinta ɗaya ne. Ga shi kuma tsakar rana ne lokacin da sola ya fi ƙarfi, na'urar buga takarda da ke kan layi ɗaya da ita ba ta taɓa ko ƙiftawa ba. Wani ya ce bairos ne. Yaron ya goge komai ya sake zuba Windows, washegari bayan Azahar ta ɗora daga inda ta tsaya.

Da na ce masa ina zaton zafi ne, sai ya girgiza kai. "Kawu, ba zafi ba ne. Tun da hunturu ya wuce na sayo fanka na ƙara mata a baya." Na riƙe wannan maganar a raina, na ce mu bar gardama mu auna.

Muka sa mata HWMonitor, wata 'yar manhaja ta kyauta mai nuna zafin kowane sashe. Firosesar Core i5 ce ta ƙarni na huɗu, ƙirar Intel ta 2013, wadda in ta ɗauki nauyin aiki takan fitar da zafi har na wat 84 daga wurin da bai wuce faɗin kwalin ashana ba. An ƙera ta ne ta kare kanta. Zafi na hawa, madabod na ƙara wa fanka gudu. In ya kai wajen digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, firosesar da kanta za ta rage saurinta. In hakan bai isa ba, sai ta yanke wuta don kada ta ƙone. Da muka sa ta haɗa bidiyo da yamma, lambar ta haura 90 cikin ɗan lokaci tana neman ɗari. Ashe ƙarar da jan ƙafar da ɗaukewar duk ciwo ɗaya ne, mataki-mataki yake bayyana.

Saura a gano inda zafin ke maƙalewa. Muka zare waya daga soket, muka kwance murfin gefe. Ƙurar hunturu ta cika tsakanin haƙarƙarin alminiyam ɗin da ke zaune kan firosesa, ta haɗu da zaren tsumma ta cure, ana sa tsinke tana ɓanɓarowa falle-falle. Muka fita da ita waje muka hure da bulowa, yaron na danne fikafikan kowace fanka da yatsa, don iskar bulowa kan juya fanka fiye da ƙima ta ci mata ƙafa. Ranar ba ta ɗauke ba. Amma gurnanin ya dawo a kan lokacinsa, jan ƙafar ma haka.

Sai muka ɗaga ƙarfen shan zafin gaba ɗaya. Irin na Intel ne mai ƙafa huɗu na roba da ake dannawa su kama madabod, kuma tun kafin mu murɗa komai na ji ƙafa ɗaya tana rawa. Man da aka shafa tsakanin ƙarfen da firosesa shi ya ba da shaida: a ɓangare uku ya baje siriri har ana hango ƙarfe, a kusurwar ƙafar nan kuwa ya taru da kauri, ya bushe, ya tsattsage. Aikin wannan man ƙarami ne amma ba a raina shi. Fuskar ƙarfe, komai santsinta a ido, tana da ƙananan ramuka, iskar da ke maƙale a cikinsu kuma ba ta iya miƙa zafi. Man ne ke cike su. Na ga masu sa makilin a madadinsa, abin da ke bushewa cikin kwanaki ya bar mutum cikin wahalar da ta fi ta farko. Muka goge tsohon tas, muka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, muka danna ƙafafun biyu-biyu masu kallon juna har kowace ta ce ƙas.

Lambar ta sauka sosai. Muka gwada ta da La'asar a kan tebur, gefenta a buɗe, ta gama bidiyo cikin natsuwa. Yaron ya yi hamdala, ya ɗaure murfi, ya tura ta mazauninta a ƙarƙashin tebur. Ba a jima ba fankar firosesa ta sake ɗaga murya.

"To Kawu, mu bar ta a buɗe mana."

Ban yarda ba. Akwati a buɗe gidan ƙura ne da ɓera, ga yara masu shigowa caji da hannunsu na taɓe-taɓe. Abin da ya fi wannan, murfin ya riga ya gaya mana wani abu: in rufewa ke dawo da ciwon, to iska mai zafi ce ba ta samun hanyar fita. Ruwa ba ya tsami banza.

Na aiki yaro ya sayo turaren tsinke. Muka kunna, muka kai bakin akwatin ta gaba, hayaƙin ya yi ta lilo da ƙyar yake shiga. Muka zagaya baya. Daga sama, inda akwatin wuta yake, wanda masu gyara ke kira fawa fak, iska mai ɗumi ta kore hayaƙin waje, kamar yadda ya kamata. Da na sauke tsinken ƙasa kaɗan zuwa saitin sabuwar fankar, sai hayaƙin ya lanƙwasa ya shige ciki. An ɗaura fankar a juye.

Ban ga laifin yaron ba. Fankar da ya sani tun tasowarsa mutum take hurawa, don haka ya juya wannan ta hura wa abin da ke jin zafi. Amma tsarin akwatin kwamfuta shi ne iska ta shiga ta gaba, ta ratsa kayan, ta fice ta baya. Galibi fanka tana tura iska ne zuwa ɓangaren da ke da sandunan roba da tambari, da yawansu ma akwai 'yar kibiya a gefe. Tasa kuwa tana zuƙo iskar da fawa fak ya amayar ne tana watsa wa firosesa kai tsaye, tana kuma ture wadda ke son shigowa ta gaba.

Saura tambaya ɗaya: me ya haɗa wannan da Azahar? Ina durƙushe a wurin na dafa bango don in miƙe, sai na janye hannu. Bangon yamma ne, na bulon siminti, rana na dukansa tun daga zawali, kuma tazararsa da bayan kwamfutar ba ta wuce yatsu huɗu ba. A wannan ɗan lungun iskar ke kewayawa tana ƙara zafi, ga rufin kwano ba silin a sama.

A nan nake ganin masu haɗa kwamfuta a ƙasarmu ya kamata su tsaya su yi tunani. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, musanya iska kawai take yi, kuma ba za ta taɓa sauke ƙarfe ƙasa da zafin iskar da ta samu ba. Da yawa daga cikin kayan nan sun yi zamansu na farko a ofisoshin Turai, inda ɗaki ke tsayawa kusa da digiri 22. A can ana iya ɗaura fanka a juye a shekara ba a sani ba. A nan Kebbi, daga Maris zuwa Mayu, inuwa ma takan wuce digiri 40, don haka kuskuren da sanyin can ke rufa wa asiri, zafin nan sai ya tona shi.

Muka juya fankar, muka mayar da teburin bangon gabas tare da barin tazarar kamu guda, muka ɗora akwatin kan benci, muka tattare wayoyin ciki muka ɗaure. A gaba muka manna yankin gidan sauro don tare ƙura, wanda zai riƙa cirewa yana kakkaɓewa duk mako. Washegari ta yi aikin bidiyo daga Azahar har La'asar sakaliya a rufe, saurinta bai ragu ba.

Da babbar ƙarar ta kwanta, sai ƙananan suka fito. Muka bi fankokin ɗaya bayan ɗaya, ana danna tsakiyar kowace na ɗan daƙiƙa a saurara. Ta gaba, 'yar milimita 80, ita ke karkarwa don ƙafarta ta cinye. Muka canja ta da mai milimita 120, wadda ke tura iska daidai da ƙaramar alhali tana juyawa a hankali. Wani amon kuma daga had-dis yake, mai juyi 7,200 a minti, wato sau 120 a kowace daƙiƙa, an kafe shi da noti biyu kacal yana girgiza ƙarfen akwatin. Muka yanko robar tsohon tub ɗin babur muka sa tsakani, muka cika notin huɗu. Ranar da ya samu hali ya sayi SSD, wanda ba abin da ke juyawa a cikinsa, wannan amon zai tafi gaba ɗaya.

Ɗan shuuu ɗin da ya rage na fankar fawa fak ne, kuma yaron har ya ɗauko sukundireba zai kwance shi na riƙe hannunsa. Mai karatu, kai ma ina roƙonka, duk abin da za ka taɓa a kwamfutarka, ka bar wannan akwatin a rufe. Akwai kafasito a cikinsa da ke riƙe wuta mai iya kisa ko bayan an zare waya daga soket. In ya dame ka da ƙara, hure shi ta waje, in bai daina ba ka canja shi ɗungurungum.