Tsofaffin Wasannin Gem a Kwamfuta da Sha'anin Kwafi a Ƙofar Wambai



Na san akwai waɗanda da suka ga kan maganar laccar nan suka ce a ransu, yau kuma wasan yara aka kawo mana jami'a? Ban ga laifinsu ba. Sai dai ina roƙon su ba ni aron kunnuwansu, domin abin da ke gabanmu shi ne yadda aikin da aka yi domin wata na'ura yake ci gaba da rayuwa bayan ita na'urar ta mutu. Masu wasan gem sun riga mu cin karo da wannan matsala, sun kuma samo mata wata dabara, alhali kuwa mu tamu tana nan tana jiranmu a ofisoshi da ɗakunan ajiya.

Bari in fara daga gida. Wanda duk ya san birnin Kano ya san kasuwar Ƙofar Wambai, wadda ke tsakanin Ƙofar Mata da Ƙofar Mazugal, inda ake cinikin kayan roba da zare da gwanjo da kayan fata. A shekarun 1980 da na 1990 kuwa, wani sashe nata shi ne cibiyar kaset ta ƙasar Hausa. Daga nan wa'azi da waƙoƙin makaɗa da finafinan Indiya suke bazuwa zuwa Katsina da Sakkwato da Maraɗi har gaba. Wani masani mai suna Brian Larkin ya yi bincike a kan wannan ciniki, ya kuma bayyana shi a littafinsa na 2008. Yadda ake aikin shi ne, a sami uwar kaset guda, a jona akwatunan bidiyo da yawa, a zuba musu kaset marasa komai, su yi ta ɗauka. To, amma kaset ɗin bidiyo yana da wata tawaya. Kowane kwafi yakan fi uwarsa rauni, in kuma aka kwafi kwafin sai launi ya dushe, murya ta shaƙe, hoto ya dinga rawa. Da yawanmu a haka muka kalli finafinan ƙuruciyarmu, har muka zaci haka aka yi su.

Wasan gem ba haka yake ba. Abin da ke cikin kaset ɗinsa ko faifansa jerin lambobi ne kurum, lamba kuwa ba ta dushewa don an kwafe ta. A 1983 kamfanin Nintendo ya fitar da na'urarsa mai suna Famicom a Japan, wadda kwaikwayonta masu araha suka cika kasuwanninmu daga baya, tare da kaset ɗin nan mai alkawarin wasa dubu alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Shahararren wasanta, Super Mario Bros. na 1985, dukkansa kilobayit 40 ne, watau bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar hannu ba. Ko sau dubu aka kwafe shi, na dubun daidai yake da na farko.

Ina matsalar take ke nan? Matsalar ita ce waɗannan lambobi umurni ne da aka rubuta cikin harshen wata ƙwaƙwalwar na'ura guda. Ta Famicom daga zuriyar wata ƙwaƙwalwa ce da ake kira 6502, ta PlayStation ta 1994 kuma daga zuriyar MIPS. Kwamfutar da ke kan teburinka, mai ƙwaƙwalwar Intel ko AMD, ba ta jin ko ɗaya daga cikin waɗannan harsuna. Kana iya riƙe da cikakken kwafi wanda ko ɗigo bai ɓace masa ba, amma ya zame maka tamkar wasiƙar ajami a hannun wanda boko kaɗai ya sani.

A nan ne manhajar da ake kira emuleta take shigowa, watau manhajar kwaikwayon na'ura. Aikinta aikin tafinta ne. Takan ɗauki umurni ɗaya daga cikin wasan, ta duba abin da tsohuwar na'urar za ta yi in an ba ta shi, ta sa sabuwar kwamfutar ta yi daidai wannan, sa'an nan ta ɗauki na gaba. Ba ƙwaƙwalwar kaɗai take kwaikwaya ba. Dole ta kwaikwayi sashen da ke zana hoto, da mai fitar da sauti, da ma'ajiyar wucin gadi, da hannun da ɗan wasa ke dannawa, har wasan ya sakankance cewa a gidansu yake. Abin da ya fi wuya shi ne lokaci. Tsohuwar na'urar tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa a tsarin talabijin na Japan da Amurka, ko sau 50 a tsarin PAL da muke amfani da shi a Nijeriya, kuma sassanta duka a tare suke tafiya kamar masu gayya a gona. In tafinta ya yi jinkiri ko ya yi gaggawa ko da ƙanƙani, sai sauti ya kakkarye ko wasan ya tsaya cik. Shi ya sa lalle ne kwamfutar da ke kwaikwayo ta fi wadda ake kwaikwaya ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙwaƙwalwar Famicom ba ta kai bugu miliyan 2 a daƙiƙa ba, ta kwamfutar yau kuwa tana haura biliyan 3, saboda haka wannan ba wani aiki ba ne. Amma PlayStation 2 ta shekarar 2000, wadda samarin gidajen gem na unguwanninmu suka sha ƙwallo a kanta, ta wahalar da masu wannan sana'a. Manhajar PCSX2 da ke kwaikwayonta ta fara fitowa a 2002, sai a 2012 masu ita suka yarda su kira ta fitowa ta ɗaya.

Mai son yin wasa ta wannan hanya yana bukatar manhajar, da kwafin wasan, wani lokaci kuma da abu na uku. Kwafin faifai ba wuya, domin kwamfuta mai ramin faifai tana iya ɗauke hoton faifan PlayStation dungurungum. Na kaset sai an sami wata 'yar na'ura da ake cusa shi ciki ta zuƙo abin da ke ƙunshe, shi ne ake kira Rom. Abu na ukun shi ne BIOS, wata ƙaramar manhaja da ke zaune cikin na'urar kanta, mai tayar da ita in an kunna. Wannan mallakar kamfanin ce, kuma a kanta aka yi shari'a.

Kamfanin Sony ya kai wani kamfani mai suna Connectix ƙara saboda ya yi manhajar da ke tafiyar da wasannin PlayStation a kwamfutar Macintosh. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa binciken yadda na'ura ke aiki domin a gina mai kwaikwayonta bai saɓa wa doka ba. Sony ya sayi manhajar daga baya ya binne ta. Wani abin dariya shi ne, da Sony ya fitar da ƙaramar PlayStation Classic a 2018, manhajar kwaikwayo ta 'yan sa-kai ya saka a cikinta. Amma kada a ɗauka ƙofa a buɗe take. A 2024 masu manhajar Yuzu, wadda ke kwaikwayon Switch, na'urar da a lokacin take tsakiyar kasuwarta, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 su kuma rufe aikin. A nan gida, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta hana karya makullin da mai aiki ya sa wa aikinsa, ta kuma yi wa ɗakunan karatu da na adana tarihi sassauci wajen kwafi domin ajiya.

A ganina, mutumin da ya kwafi faifan da ya saya da kuɗinsa don gudun karcewa daban yake da wanda ya cika rumbun kwamfuta da wasa ɗari biyar yana sayarwa. Sai dai tarihin Ƙofar Wambai ya hana ni saurin yanke hukunci. Akwatunan da suka kwafi finafinan Indiya ba da izinin kowa ba, su ne suka ɗauki nauyin finafinan Hausa bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Mai fim yakan ba 'yan kasuwa uwar kaset, ya buga kwali ya sayar musu, ribarsa tana cikin yawan kwalin da aka saya. Da faifai ya zo, kwafi ya yi arha har ya fi ƙarfin wannan tsari, masu fim suka yi ta kuka. Kwafi ya gina, kwafi ya rusa.

Duk da haka, ba don masu kwafi ba da an yi babbar asara. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Kamfanonin da suka yi su wasu sun rushe, wasu ba su ga riba a sake fitar da su ba. Abin da ya tsirar da su shi ne aikin irin su Nicola Salmoria, ɗan Italiya, wanda ya fara manhajar MAME a 1997 da nufin adana yadda tsofaffin na'urorin wasa suke aiki.

Mu dawo kan namu. Finafinan Hausa na shekarun 1990 a kaset suke, kaset kuwa ba lambobi ba ne, babu wata manhaja da za ta karanta shi. Sai akwatin bidiyo na gaske ya ja zaren ya bi ta kan kansa. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera irin wannan akwati, ya daina a 2016. Zafin bazara da ƙurar hunturu da laimar damina suna cin zaren, akwatunan da suka rage kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, masu gyaransu sun koma gyaran waya. Fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wannan fim na hukuma ke nan, mai gata. Fim ɗin da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa ta yi da kuɗin karo-karo, in ya tsira, to, a kwalin wani tsohon ɗan kasuwar kaset zai tsira.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, abin ya fi kusa da ku. Ofisoshi da dama sun yi lissafin albashi da rajista da wasiƙu a shekarun 1990 da manhajoji irin su dBase da Lotus da WordPerfect, aka ajiye a 'yan faifan nan masu kusurwa huɗu. Manhajar DOSBox, wadda masu wasa suka ƙirƙira a 2002 domin tsofaffin wasanninsu, tana iya tayar da irin waɗannan manhajoji a kwamfutar yau. Amma sai in an riga an zuƙo abin da ke cikin faifan kafin ya ruɓe, an kuma ajiye manhajar da aka yi aikin da ita tare da shi, an rubuta sunan na'urar da shekarar. Ma'aikacin da ya zo neman shaidar shekarun aikinsa ranar da zai yi ritaya, wataƙila takardarsa tana cikin ɗaya daga cikin waɗannan faifai, a ƙasan wata durowa da ba a buɗe ba tun zamanin soja.