Abin da ya kamata ku sani game da zanen gini mai bin ƙa'ida a kwamfuta

A ce kwamitin masallaci a wani ƙauye na Ƙiru sun kira ɗansu da ke karatun zanen gine-gine a jami'a, suka ce: "Yaro, zana mana masallacin da zai ci mutum 300." Ya zauna ya yi lissafi. Kowane mai salla na buƙatar faɗin wajen santimita 60, kowane sahu kuma zurfin mita 1.2 domin sujada. In sahu ya ɗauki mutum 25, faɗin ɗakin ya zama mita 15, sahu 12 kuma ya ba da tsawon mita 14.4. Ya kwana uku yana zane, ya jera ginshiƙai, ya fitar da tagogi, ya ƙirga bulo. Ranar da ya kai, sai wani dattijo ya ce ai garin na ƙaruwa, a mayar da shi na mutum 400. Duk wanda ya taɓa zanen gini ya san wannan rana. Tsawo ya koma mita 19.2, ginshiƙai sun ƙaru, kwano ya ƙaru, lissafin bulo ya rushe, sai a koma farko.

Akwai hanyar zane da ke maganin wannan wahala. Turawa na ce mata faramatirik, ni kuwa na fi son in kira ta zane mai bin ƙa'ida. Maimakon ɗalibi ya ja layin bango da hannunsa, sai ya gaya wa kwamfuta dokar da ke haifar da bangon: yawan mutane a raba da 25 shi ne yawan sahu, yawan sahu sau 1.2 shi ne tsawo, a dasa ginshiƙi bayan kowane sahu uku, kowace murabba'in mita ta bango tana cin bulo kusan goma. Da zarar an sauya 300 zuwa 400, sauran duk su bi da kansu. Tela ya san wannan tun tuni. In ya auna kafaɗa da ƙirji, ya riga ya san hannun riga da wuyanta, domin a kansa akwai dangantakar da ke tsakaninsu.

Manhajojin da ake wannan aiki da su ba su da yawa. AutoCAD, wanda ya fito a 1982, shi ne allon zane da aka mayar cikin kwamfuta. Revit ya fi shi wayo: bango a cikinsa ya san shi bango ne, in an matsar da shi ƙofarsa da rufinsa da lissafinsa su biyo shi. Sai Rhino, da abokin tafiyarsa Grasshopper da David Rutten ya ƙirƙira a 2007, inda ake jera ƙananan akwatuna a kan allo, a haɗa su da zare kamar mai haɗa wayar lantarki: wannan akwati lamba, wancan ninkawa, na gaba ya fitar da bango. Masu Revit suna da irinsa, sunansa Dynamo.

Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibanmu ke fara haɗuwa da wannan fanni. Hoton farko da ake nuna musu galibi ginin da Zaha Hadid ta zana ne, kamar cibiyar Heydar Aliyev ta birnin Baku da aka kammala a 2012, fara fat tana lanƙwasa kamar mayafi a iska. Ginin ya yi kyau, ba musu. Amma sai yaro ya ɗauka fannin ke nan, lanƙwasa da murɗe-murɗe, ya ɓata zango guda yana kwaikwayon siffar da ba birkilan da zai iya ɗora ta a Tudun Wada, ba kuma mai kuɗin da zai biya. Ƙa'ida ita ce zuciyar abin, kuma ƙa'ida tana iya haifar da ɗaki mai kusurwa huɗu wanda ba ya zafi.

Magabatanmu ma da ƙa'ida suka yi gini. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce mita biyu ko kusa da haka. Wannan iyaka ita ta tilasta wa maginan Hausa dabara: su jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a shafe da ƙasa, har bakan gizo ya tashi ya haɗe a sama. Da wannan lissafi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, kuma tsohon masallacin Bebeji, wanda ke cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, ɗan gidan wannan fasaha ne. Tsawon azara, faɗin ɗaki, yawan baka, tsayin rufi, kowanne na riƙe da ɗan'uwansa. Ɗalibin da ya ɗauki tef ya auna soro ɗaya a garinsu, ya gano dokar da magini ya bi, ya rubuta ta a Grasshopper, ya koyi abin da bidiyo ɗari ba za su koya masa ba. Z. R. Dmochowski, mutumin Foland, ya shafe shekaru yana irin wannan awo a ƙasar nan da hannu da takarda. Mu da muka gaji gidajen, mun fi shi haƙƙin yi.

Inda fannin ya fi amfani a kudancin Kano shi ne rana da ruwa. Yankin yana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya. Saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta arewa da tsakar ka, bangon arewa ya sha rana, abin da darussan da aka shirya a Turai ba sa lissafawa. A Disamba kuwa takan karkata kudu, tsayinta da tsakar rana bai fi digiri 56 ba. Tagar kudu mai tsayin mita 1.2 tana buƙatar rumfar da ta fito kusan santimita 80 kafin ta rufe ta a lokacin. Akwai ƙarin manhaja kyauta mai suna Ladybug da ke shiga cikin Grasshopper, ta nuna inuwar kowace sa'a ta shekara, ɗalibi ya riƙa jan zurfin rumfar yana kallo har ya dace. Haka alƙibla, wadda daga nan take wajen digiri 67 zuwa 68 daga arewa ta ɓangaren gabas: a sa ta cikin ƙa'ida, masallaci ya juya, sauran harabar ta gyara zama. Can Doguwa da duwatsun Riruwai, inda damina ta fi ta birni ƙarfi kuma ƙasa ke gangare, tambayar ta zama nawa za a haƙa, nawa za a cike, ina ruwa zai bi. Wannan ma lissafi ne da kwamfuta ke maimaitawa sau ɗari ba gajiya. Wanda ya tsaya a bakin dam ɗin Tiga, da aka gina zamanin Audu Baƙo tsakanin 1971 da 1974, ya ga abin da karanta gangaren ƙasa ke iya yi.

To, ta ina za a fara? Sassan zanen gine-gine suna nan a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda nata ya fi daɗewa a ƙasar, da Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Amma yawancin wannan ilimi ɗalibi ne ke nemo shi da kansa, da dare da lokacin hutu. Kamfanin Autodesk yana ba ɗalibai AutoCAD da Revit kyauta in sun nuna shaidar makaranta, Rhino yana da gwajin kwana 90, Blender da FreeCAD kuwa kyauta ne har abada. Ina roƙon ɗalibai su bi waɗannan hanyoyi su bar manhajar sata, wadda kan zo da ƙwayar cuta ta cinye aikin zango a daren da za a miƙa shi. Laftof mai matsakaicin ƙarfi ya isa a koyi ƙa'ida. Fitar da hoto mai sheƙi ne ke cin inji da wuta, kuma shi ne mafi ƙarancin muhimmanci. Wanda zai tafi hutu ƙauye ya sauke darussansa tun yana makaranta, ya nemi inda ake caji da sola.

Kada a yar da fensir. Ƙa'idar da ba ka iya zana ta a takarda ka bayyana wa abokinka, ba za ka iya gaya wa kwamfuta ita ba. A dawo da lissafin kusurwoyi na sakandare, a fara da ƙaramin abu: bangon bulo mai huda da iska ke ratsawa, ko rumbun masara, ko aji ɗaya na firamare. Sannan a buga zanen a kai wa birkila a Kwanar Ɗangora ko Kofa, a ce: "Baba, wannan zai ginu?" In ya ce bulo ba ya yankuwa haka, ko kafinta ya ce katakon kasuwa bai kai wannan tsawo ba, a rubuta abin da suka faɗa, a koma ɗaki a ƙara shi cikin ƙa'idar.