Gwajin jini guda mai neman cutar daji iri-iri: ko ya cancanci kuɗinsa?

Kamfanin GRAIL na Amurka yana sayar da wani gwajin jini mai suna Galleri, wanda ya ce yana iya gano alamar nau'o'in cutar daji fiye da 50. Gwajin yana neman ɓurɓushin ƙwayoyin halitta da ƙari ke zubarwa cikin jini, sannan ya yi hasashen gaɓar da cutar take. Kuɗinsa dala 949 ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne matakin cutar. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya nuna gwajin ya gano kusan kashi 90 cikin 100 na cutar da ta kai mataki na huɗu, amma kashi 17 kacal a mataki na farko, lokacin da magani ya fi tasiri. Ke nan wanda gwajin ya wanke bai kamata ya saki jiki ba.

Akwai kuma ƙararrawar ƙarya. A binciken PATHFINDER, cikin mutum kusan 6,600, gwajin ya nuna alama ga 92, amma 35 kaɗai aka tabbatar suna da cutar. Sauran sun sha ɗaukar hoto da zullumi a banza.

Har yau babu binciken da ya nuna gwajin yana rage mace-mace, shi ya sa likitoci ke cewa ba ya maye gurbin gwajin mahaifa, hoton mama da binciken hanji. Waɗannan an tabbatar da amfaninsu, kuma a Najeriya har yanzu ba su isa ga yawancin jama'a ba.