Ya Mance Sunan Ɗansa, Bai Mance Waƙar Samartakarsa Ba: Bayani Kan Gigin Tsufa

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na kiwon lafiya, domin wanda shirin ya wuce shi yana daji da garke ko yana kan hanya da kaya.

Maganar ta shafi kusan kowane gida mai tsoho. Dattijon da ya yi shekara hamsin yana sanin kowace saniya da sunanta da na uwarta, yau ya dubi ɗan cikinsa ya ce, "Kai kuma ɗan wane gida ne?" Tsohuwar da ta yi fataucin goro ba ta taɓa ɓata lissafi ba, yau an ba ta tuwo ta ci, an ɗauke kwano, ta ce tun safe ba wanda ya ba ta komai. Amma a sa waƙar Shata ko ta Ɗanƙwairo, sai ka ji bakin nan yana bi baiti-baiti ba tuntuɓe. Me ke kawo haka? Kuma wane amfani za mu ci daga gare shi?

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa

Abin da muke kira gigin tsufa, ko cutar mantuwa, ciwo ne da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Ya bambanta da mantuwar yau da kullum. Kowa na iya mance inda ya aje sandarsa. Mai wannan ciwo yakan kai inda zai riƙe butar alwala bai san me ake yi da ita ba, ko ya ɓace a hanyar rijiyar da ya yi shekara arba'in yana bi. Tsofaffi da yawa suna kai shekara casa'in da hankalinsu garau, saboda haka tsufa kaɗai ba ya kawo shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da shi a duniya, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin namu. Nau'in da ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, shi ne Alzaima, sunan likitan Jamus ɗin da ya fara bayyana shi a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da ciwon. Wani nau'in kuma daga jijiyoyin jini yake zuwa: hawan jini ya yi ta toshe ƙananan hanyoyin jini a ka, har ɓarnar ta taru.

Kada a ce ciwon Turawa ne. Tun 1992 likitocin Jami'ar Ibadan da takwarorinsu na birnin Indiyanafolis a Amurka suka yi ta bin tsofaffin garuruwan biyu shekara da shekaru. Sun sami ciwon a Ibadan ma, ko da yake yawan masu kamuwa a can bai kai rabin na baƙaƙen fatar Indiyanafolis ba.

Magatakardan bakin iyaka

Ku 'yan kasuwa kun san tsarin. Kaya ba ya shiga sito sai ya bi ta hannun mai rubutawa a bakin iyaka. To, a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki lanƙwasasshe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, can ciki daura da kunne, likitoci na kiransa hifokamfos. Shi ne magatakardan. Duk sabon abin da ya faru da kai yau, wa ka gani, me ka ci, nawa ka sayar, sai ya rubuta shi kafin a kai shi ma'aji.

An gane aikinsa ne ta dalilin wani Ba'amurke, Henry Molaison. A 1953, yana da shekara 27, aka yi masa tiyata saboda farfaɗiya, aka cire mafi yawan wannan yanki ta ɓangarorin biyu. Farfaɗiya ta yi sauƙi, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 sabon abu ba ya zama a kansa. Labarin ƙuruciyarsa yana nan. Wanda ya gaisa da shi ɗazu kuwa, in ya fita ya dawo, baƙo ne.

Cutar Alzaima ta wajen wannan magatakarda take fara ɓarna. Shi ya sa tsoho zai ba ka labarin farin 1973 dalla-dalla, shanu nawa suka faɗi, wace hanya aka bi aka yi kudu, amma ya kasa tuna ko ya yi sallar azahar. Tsohon kaya yana cikin sito, sabo ne ba ya shiga. Idan Inna ta ce ba a ba ta abinci ba, ba sharri take wa surukarta ba. Ba a rubuta cin abincin a kanta ba.

Wata masaniya, Brenda Milner, ta gano ƙarin abu game da Molaison. Ta sa shi ya riƙa zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, aiki mai wuya. Kwana uku yana yi, hannunsa na ƙara ƙwarewa, shi kuwa kullum yana cewa bai taɓa gwadawa ba. Ashe ƙwaƙwalwa ba rumbu ɗaya gare ta ba. Akwai na labari, akwai na aikin hannu irin tatsar nono da tufkar igiya da saƙar faifai, kowanne da inda yake zaune.

Burtalin waƙa

A Ingila an yi wani gwanin kiɗa, Clive Wearing. A 1985 ƙwayar cuta ta shiga ƙwaƙwalwarsa ta lalata masa wannan yanki na rubuta sabon abu. Nasa ba gigin tsufa ba ne, amma darasin ɗaya ne. Abin da yake iya riƙewa bai wuce na rabin minti ba. Matarsa ta fita ɗaki ta dawo, sai ya tarbe ta kamar wadda ta yi shekaru a tafiya. Duk da haka in aka zaunar da shi gaban fiyano sai ya kaɗa waƙa daga farko har ƙarshe, har ya ja ragamar ayarin mawaƙa.

A 2015 masu bincike a cibiyar Max Planck da ke Laifzig a Jamus suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron waƙoƙin da suka daɗe da sani. Suka ga wuraren da ke riƙe da tsohuwar waƙa suna can sama wajen tsakiyar ka, kusa da yankin da ke tsara motsin jiki. Da suka kwatanta da hotunan masu Alzaima, sai suka tarar waɗannan wurare suna cikin waɗanda ciwon ke jinkirin lalatawa.

Makiyayi ya san sabuwar hanyar da aka bi sau ɗaya, damina ɗaya ke shafe ta. Burtalin da shanu suka yi shekara hamsin suna takawa kuwa, ko ciyawa ta rufe shi ƙafa na gane shi. Waƙar da mutum ya ji sau dubu haka take. Kuma ba hanya ɗaya ke kai wa gare ta ba: akwai kalmomin, akwai karin murya, akwai bugun kalangu da jiki ke amsawa, akwai daɗi ko kewar da ta ɗarsa a zuciya ranar da aka fara jin ta. In ɗaya ta toshe, sauran na nan.

Masana sun kuma lura cewa abin da mutum ya gani ya ji tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa shi ya fi kama zuciyarsa. Wanda aka haifa a 1950, waƙoƙinsa su ne na 1960 zuwa 1980: Mamman Shata, Ɗan Maraya Jos, Musa Ɗanƙwairo, Haruna Uji, Barmani Coge, Ɗan Gurmu na Tawa. Ga Bafulatanin daji, watakila busar sarewa ce, ko waƙar da ake yi wa shanu, ko ta wasan sharo. Ga tsohuwa, waƙar daka da ta niƙa da ta reno. Wanda ya tashi a makarantar allo, ko da yake karatu daban waƙa daban, sau da yawa za ka ja masa farkon surar da ya haddace yana yaro ya ƙarasa, haka ma ƙasidun yabon Annabi. Kirista kuma waƙoƙin coci na ƙuruciyarsa.

Iyakar abin da waƙa ke yi

A faɗi gaskiya, waƙa ba ta warkar da ciwon, ba ta kuma tsayar da shi. Da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban a 2018, abin da suka samu shi ne tana rage ƙuncin zuciya da rikicin hali, amma ba ta dawo da tunanin da ya tafi ba. Wannan ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne. Duk wadda ta taɓa kokawa da tsohuwa a kan wanka ta san darajar rabin awa na kwanciyar hankali.

Ga yadda za a yi:

Ku tambayi tsararrakinsa me yake so yana saurayi. Masu tura waƙa a kasuwa za su zuba muku a memori da kuɗi kaɗan.

A zauna gabansa, a kashe sauran hayaniya, a sa murya daidai. Minti 20 zuwa 30 ya isa. Kada a bar rediyo na ta ɓaɓatu a kansa wuni guda, ko da tasharmu ce. Labarin hari da kashe-kashe na iya firgita shi, ya ɗauka a ƙofar gida ake yi.

A zaɓi lokacin da ya fi rikicewa. Da yawansu da la'asar sakaliya zuwa magariba hankalinsu ke tashi, su ce za su tafi gida alhali suna gida. A sa waƙar kafin lokacin, ko kafin wanka.

Ku rera da bakinku, ku tafa, jikoki su shiga. Muryar da ya sani ta fi ta waya.

A kalli fuskarsa. In ya saki jiki, a ci gaba. In waƙar ta tono masa baƙin ciki, a canza.

Kada a mai da abin jarrabawa, ana "Baba, wa ya yi wannan waƙa?" Kunya kawai za a ba shi.

Wani abu kuma: wanda ya koyi Hausa da girma yakan koma harshen da ya sha a nono in ciwon ya yi nisa. Idan Baffa ya daina amsa Hausa, a gwada shi da Fulatanci, ko Zabarmanci, ko Barbarci, ko Buzanci, a nemo masa waƙar harshen.

Zama da mai ciwon

Kada a yi gardama da shi. In Goggo ta ce za ta je wurin mahaifiyarta da ta rasu shekara talatin, ba sai an sake yi mata sabuwar ta'aziyya ba. A ce, "Goggo, ba ni labarinta mana," a ja ta da hira. In za ka shiga wurinsa ka faɗi kanka: "Baba, ni ne ɗanka wane, na kawo maka fura."

In ya ce an sace masa kuɗi, ɓoyewa ya yi ya mance. A taya shi nema. Harkar ciniki da sayar da dabba kuwa, 'ya'ya su karɓa da lalama tun da wuri, a gaban shaidu, kafin macuta su gane halin da yake ciki.

Mu mutanen iyaka muna da ƙarin haɗari. Tsoho na iya fita ya miƙe hanya, kafin a farga ya tsallaka wata ƙasa, ba takarda, ba ya iya faɗin garinsu. A rubuta sunansa da garinsa da lambar waya mai lambar ƙasa, da boko da ajami, a ɗinke a rigarsa. A sanar da Ardo da mai unguwa da maƙwabta. Masu tashi da garke su sani sauya mashekari na ƙara ruɗa shi. In an sauka, a shimfiɗa masa tabarmarsa da butarsa da sandarsa yadda ya saba ganinsu, a kula da rijiya da wuta. A bar shi ya yi aikin da hannunsa ya sani, ko tufka ko tsince wake. Ɗaure shi da igiya ko kulle shi a ɗaki na ƙara masa firgici.

Tsohuwar da aka gani tana yawo da dare tana sambatu, a fara tunanin ciwo. A arewacin Gana har yau akwai matsugunai irin na Gambaga, inda matan da aka kora daga garuruwansu da zargin maita ke fakewa, mafi yawansu tsofaffi. Kada mu bari rashin sani ya kai mu ga zaluntar wadda ta goya mu.

Mai jinya ma a duba ta. Yawanci mace ɗaya ake bar wa, ba barci ba hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yi karɓa-karɓa, wanda ke nesa ya aiko da abin da ya samu.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Gigin tsufa a hankali yake shigowa, wata da watanni. Idan tsoho lafiya lau jiya, yau ya rikice, wannan wani abu ne daban: zazzaɓi, ciwon fitsari, ƙishirwa mai tsanani, faɗuwar sukari, ko shanyewar ɓarin jiki. A kai shi asibiti a ranar. Haka wanda ya faɗo daga babur ko saniya ta buge shi a ka, bayan 'yan makonni ya fara ruɗewa, jini ne kan taru a cikin ƙoƙon kai, kuma ana yin aiki a cire. Ƙarancin wasu sinadaran abinci, ciwon maƙoƙo da ciwon damuwa su ma suna kawo mantuwa, kuma suna jin magani. Ƙwayoyin da ake tallatawa a kasuwa da sunan maganin mantuwa, da na sa barci, a guje su sai da izinin likita.

Mu da muke da sauran ƙarfi, rigakafi ya fi magani. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo ana iya kauce masa ko jinkirta shi, in an kula da abubuwa 14. Daga ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, taba, giya, bugun ka, raunin ji, raunin gani da zaman kaɗaici. Ranar kasuwa, kafin ka koma ruga, ka tsaya a auna jininka. Mai hawa babur ya sa hular kwano.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yadda 'ya'yanmu suka ga muna riƙon iyayenmu, haka za su riƙe mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.